Yadda ake rushe tsohon gidan ƙauye a tada sabo na ƙasa irin na iyaye

Gidanmu na gado yana wani ƙauye can gefen Argungu, kakanmu ne ya gina shi tun ba a haifi babanmu ba, kuma damanar 2020 wadda ruwa ya shanye gonakin shinkafa a Kebbi ita ta ƙarasa shi, ɗaki biyu sunka zube a dare ɗaya, Allah ya tsare babu kowa ciki sai buhunan gero. Da munka zauna da 'yan uwa kowa cewa yake a kawo bulo da kwano a huta. Ni kuwa na kwana ɗakin kwano a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, na san azabar da ke ciki, ka kwanta kamar an sa ka a tanda, amma soron Inna ko da tsakar rana ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa randa. To sai munka tsaya kan a sake ginin ƙasa, a gyara inda na da ɗin ya gaza. Ga yadda ake yi, har da inda munka sha ƙasa mu da kanmu.

Abu na farko ba diga ba ce, zama ne. In gidan na gado ne kada ka taɓa ko ƙofa ɗaya sai an raba ko an yi yarjejeniya a rubuce, a kira malami ya fitar wa kowa rabonsa, har da mata, har da Gwaggo da ta yi aure a Kamba shekara talatin ba ta leƙo ba, don ranar da ka gama gini ya yi kyau ranar kowa zai tuna shi ma jika ne. A yi gaban hakimi ko mai gari, a kira maƙwabta su tsaya a nuna iyaka a kafa dutse, a sa hannu. In ka samu hali ka bi ta ƙaramar hukuma ka nemi takardar fili, tunda dokar mallakar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannunsu. Wasu za su ce ai gidan ubanka ne wace takarda kuma, bar su su faɗa, kai dai ka yi.

Na biyu, kuma wanga shi ne wanda mutane ke tsallakewa, ka je ka karanci tsohon gidan tun yana tsaye, kuma cikin damana za ka je ba da rani ba. Ka tsaya lokacin da ake tsuga ruwan Agusta ka ga ina ruwan tsakar gida ke bi ya fita, ina yake kwanciya, wane bango ne ya fi cinyewa. Kusan ko'ina a ƙasarmu za ka iske bangon gabas ne ya fi shan duka don hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa tsofaffi ba su cika buɗe ƙofar ɗaki ta fuskanci can ba. Ka duba gindin katanga, in ka ga ƙasa ta zama gari tana zubowa in ka shafa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa yana cin ta. Sannan ka zaunar da mafi tsufa a gidan ka tambaye shi abin da ido ba ya gani, ina tsohuwar rijiya da anka cike, ina tsohuwar salga, akwai kabari cikin gidan ko babu, don gidajen da ana binne mutane a ciki musamman jarirai. Mu Kawu ne ya hana mu aza ɗaki kan wata tsohuwar salga da ba wanda ya san da ita cikinmu, ya ce "ku dai haƙa nan ku gani", kamu biyu anka yi ƙasa ta lotsa. Da mun aza bango a wurin da yanzu ana wani labari.

Daga nan sai neman magini. Magini nake nufi ba birkila ba, sana'a biyu ce daban. Birkila ya san igiya da lebur da siminti, magini ya san ƙasa da hannunsa, kuma gaskiya sun yi ƙaranci, yawancin na kirki tsofaffi ne, 'ya'yansu sun koma bulo ko kabu-kabu. Ka tambayi inda akwai Sarkin Magina, in babu ka bi gidajen da ka ga soronsu ya daɗe bai zuba ba ka tambayi wa ya yi. Kada ka yarda da baki, a kai ka ka ga ɗakin da ya rufa shekara goma da ta wuce. In kana kusa da Argungu ka ɗauke shi ku shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce har zuwa 1942 kafin a maida ita gidan tarihi a 1958, ku ɗaga kai ku kalli rufin tare ka ji abin da zai ce, daga bayaninsa za ka gane ko ya san aikin. Za ka buƙaci birkila shi ma amma na tushe kawai, da kafinta na ƙofofi. Batun biya kuwa ni jinga na fi so ɗaki-ɗaki, ba biyan yini ba, kuma kada ka ba da kuɗin duka a gaba ko da surukinka ne.

Lokaci shi ne rabin aikin. Ginin ƙasa aikin rani ne, a gama shawara da damana, da an kai amfanin gona gida wajen Nuwamba a fara rushewa da kwaɓa ƙasa, bango ya tashi cikin hunturu, rufi ya hau kafin ƙarshen Maris, yaɓe ya bushe kafin ruwan farko na Mayu ko Yuni. In ka makara ruwa ya iske bango ba rufi to ka yi wa kududdufi aiki. Kuma ka tuna a Kebbi da an shiga Janairu majiya ƙarfi duk sun gangara fadama noman rani, lebura sai ka yi da gaske, don haka aikin da ke son hannu da yawa kamar kwaɓi da tubali a yi shi da wuri, in garinku har yanzu ana gayya ka kira, fura da goro da tuwon rana ba su kai kuɗin lebura ashirin ba.

Yanzu rushewa. Kada ka kira katafila, kuma kada ka rushe gidan duka rana ɗaya in akwai mutane ciki, a raba shi biyu, a kwashe su Inna zuwa sashen da ya fi ƙwari a gama ɗaya sashen su dawo sannan a taɓa wancan. Tsohon gida shi ne shagon kayan gininka. A fara cire ƙyamare da tagogi, a hau sama a kankare ƙasar rufi a zubo da ita gefe ɗaya, a yaye asabari, sannan a zare azara ɗaya bayan ɗaya a hankali. Azarar nan ita ce dukiyar gidan, giginya ce anka tsaga, gara ba ta cika iya mata ba, ta kakanmu da munka ciro wadda ta sha hayaƙi ta yi baƙi ƙirin ta fi sabuwar kasuwa nesa ba kusa ba, kuma giginya ta yi wuya yanzu ga tsada ga batun ma'aikatan gandun daji. A ƙwanƙwasa kowace, mai ƙara kamar ƙarfe a ajiye, wadda ta yi bus a bakin da ya shiga bango a yanke ruɓaɓɓen a yi gajeren aiki da ita, a jera su kan duwatsu kada su taɓa ƙasa. Bango kuma daga sama ake sare shi ana saukowa, kada wani mai gaggawa ya ce a sare gindi a tura, haka ake kashe mutane. A kori yara daga wurin gaba ɗaya, masu aiki su sa takalmi don tsohon bango gidan kunama ne da maciji.

Ƙasar tsohon bangon ma ba a zubarwa, an riga an tace ta an cuɗe ta tun zamanin kaka, a farfasa a jiƙa ta koma aiki. Wadda ba a so ita ce ta gindin bango da danshi ya cinye da ta kusa da makewayi da turken dabbobi, wannan a kai gona taki ce.

Ba za ta isa ba dole a ƙaro sabuwa, to nan ake gane magini. Baƙar lakar fadama ita kaɗai ba ta gini, tana bushewa ta tsattsage, rairayi kuma ba ya kama jikinsa, abin da ake so jar ƙasa mai ɗan burji wadda ke da danƙo daidai. Baba magini namu dunƙulawa kawai yake ya murza a tafin hannu ya ce wagga ta yi wagga ba ta yi ba. Kai da ba ka da wannan hannun ka samu kwalba ka zuba ƙasa rabi ka cika da ruwa ka girgiza ka ajiye ta kwana, tsakuwa da yashi za su kwanta ƙasa laka ta hau sama, in laka ta rinjaya a ƙara yashi in yashi ya yi yawa a nemo mai danƙo. Ko mafi sauƙi a yi tubali biyar na gwaji a shanya a gani. Kuma don Allah kada a haƙa ramin ƙasar a bayan gidan don gudun kuɗin amalanke, ramin nan zai zama kududdufi, ga sauro ga danshi ga yara.

Kwaɓi kuma ba na rana ɗaya ba ne. A baza ƙasa a zuba ruwa a tattake da ƙafa, a watsa yankakkiyar ciyawa ko tattakar shinkafa wadda mu nan ba ma rasawa, a sake takawa, a tara a rufe a bar ta ta kwana biyu uku ta ruɓa, a dawo a ƙara ruwa a sake juyawa, ana yin haka sau biyu ko uku. Wasu na sa kashin doki ko na jaki musamman a ƙasar yaɓe. Aikin yana shan ruwa ba kaɗan ba, mu injin ban ruwan shinkafa munka aro munka ja daga rijiya, da 'yan ga-ruwa za mu biya da mun gane kurenmu. Daga wannan ƙasar ake dunƙula tubali da hannu, ƙasansa faɗi samansa tsini kamar ƙaton goron giginya, a jera a rana kamar sati biyu har ya bushe ƙamas. In ka fasa ɗaya ka ga cikinsa da duhun danshi bai yi ba tukuna. A yi da yawa fiye da lissafi, kullum yana kasawa.

Tushe shi ne inda na saɓa wa kakanmu, kuma nan ne kawai na ce a kashe kuɗin siminti ba tausayi. Na da sun aza ƙasa kan ƙasa, shi ya sa ruwa na kwanciya kwana biyu gindi ya jiƙe bango ya durƙusa. A haƙa har a iske ƙasa mai tauri, aƙalla ƙafa biyu, a yi fandisho da dutse ko bulo mai inci tara cike da kankare, a ɗaga shi sama da ƙasa aƙalla ƙafa ɗaya da rabi, in garinku ruwa na shiga ka nemi alamar inda ruwan 2020 ya tsaya a jikin bishiya ko bangon masallaci ka wuce shi. Faɗin tushen ya kai faɗin bangon da zai hau kai, kada a yi siriri a ɗora mai kauri. A shimfiɗa baƙar leda mai kauri a samansa kafin tubalin farko don ta tare danshi, a zuba maganin gara a ramin da cikon ɗaki. In kuwa filin a cikin kwari yake inda ruwa ke kwana sati, gaskiya ɗaya ce, a nemi tudu, ba dabarar da za ta ceci ginin ƙasa a cikin tafki.

Tsarin gida kada ka wahalar da kanka da zanen birni. Zaure a bakin hanya da dakalinsa, ƙofar ciki ta goce daga ta waje yadda wanda ke zaune ba zai hango tsakar gida ba, sai shigifa ko ɗakin baƙi da samari, sai turaka, sai ɗakunan mata kewaye da tsakar gida, madafa can inda hayaƙi ba zai koma ɗaki ba, rumbu da turke a baya. In akwai tsohuwar bishiya, darbejiya ko mangwaro, a zana gidan ya kewaye ta. Ka tambayi matan gidan kafin a ja layi, su ke wuni a ciki, Inna ce ta ce a matso da madafa kusa da randuna kuma ta fi mu gaskiya. Makewayi kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, kuma ramin ya yi nisa da rijiya kamar mita 30, ta gangare ba ta tudu ba.

Bango ana jera tubali faɗin a ƙasa tsinin a sama, lebura na jefa wa magini curin ƙasa yana cafewa yana cike tsakani. Gindi ya yi kauri kamar ƙafa biyu yana raguwa in ana hawa. Ba a tada shi rana ɗaya, a yi sahu kaɗan a bari ya sha iska a koma wani ɗakin, in an yi gaggawa na ƙasa zai tumbatsa bango ya karkace. Kan ƙofa da taga a gitta azara. Tagogin da ƙanana ne ƙwarai, ni na ɗan faɗaɗa namu na sa biyu suna kallon juna don iska ta ratsa, da raga saboda sauro, amma kada ka buɗe irin na gidan bulo ko ka kai su kusa da kusurwa, ka raunana bangon kuma ka shigo da zafin da kake gudu. In za ka sa sola ko kana sa ran wuta a binne fayif ɗin waya tun yanzu.

Rufi ne mai wuyar. Azara ba ta son tazarar da ta wuce kamar ƙafa shida ba tallafi, da nauyin ƙasa a kanta sai ta lanƙwashe, shi ya sa ɗakunan da ba su da faɗi. In kana son ɗaki mai faɗi ko dai a gitta azara a kusurwoyi a rage tazarar, ko a tsaida ginshiƙi a tsakiya, ko a yi bakan gizo, wato a riƙa fito da azara daga bango biyu hawa-hawa ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa har su haɗu a sama. In baka biyu sun gitta juna shi ne ɗaurin guga. Mu a zaure kawai munka yi shi don kuɗinsa da lokacinsa, kowane hawa sai ya bushe kafin a ɗora na gaba, na taɓa ce wa Baba magini ko za a ɗan hanzarta, ya kalle ni ya ce "ɗana, kai za ka zauna ƙarƙashinsa ko ni?" ban sake magana ba. Bayan azara sai asabari ko zana, sai ƙasa a bi da ita a daddaɓe da gangare zuwa inda indararo yake, a ja rawani kewaye, wato ɗan gajeren bango a bakin rufin, a tada zankwaye a kusurwa. Indararo ya yi tsawo ya zubar da ruwa nesa da bango, a sa dutse ko kankare inda ruwan ke sauka.

Ɗakunan kwana kuwa sulhu munka yi da masu son kwano, kuma ina ganin shi ya fi ga wanda ba ya zaune a ƙauyen kullum. An yi rufin azara da ƙasa marar kauri sosai, sannan anka ɗora kwano a sama da ɗan fili tsakani, bakinsa ya fito kamar ƙafa biyu ya rufe bango. Sanyin soro na nan, ɗigar ruwa babu. Sai dai a ɗaure katakon da waya mai ƙarfi tun daga cikin bango, don iskar farkon damana ba ta wasa da kwano.

To ga inda munka yi asara. Wani birkila ya ce a shafe katangar waje da siminti ta yi kyau kamar ta birni, na yarda don ina son a ce an yi gida. Damana biyu ta yi, siminti ba ya kama ƙasa, ya tsage ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata safiya sai ga filasta ta ɓaɓɓako faifai guda ta tafi da naman bango. Yaɓen ƙasa shi ne na ƙasa. A yi shi da ƙasa mai laushi da ciyawa, a kwaɓa da ruwan makuba, ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa ya fitar da jan ruwa mai hana ruwan sama shiga. In kana da marina kusa ka nemi katsi, wato gurɓin da ke kwanciya a ramin rini, da shi da gashin majema da dafara, wata ciyawa mai yaɗo da danƙo, ake haɗa laso wanda na da ke shafe rufi da shi, sai dai masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci, in ka samu ka riƙe shi da kyau. Ciki a goge da farar ƙasa. Zanen fuskar zaure ana yinsa yaɓe na ɗanye, ka bar magini ya yi nasa kada ka kawo masa hoto daga waya.

Daɓe mata ne gwanayensa, a baza burji a yayyafa ruwa su bi da madaɓi suna waƙa har ya kwanta, a shafe da makuba ko ruwan bagaruwa. Mun yi shi a zaure da tsakar gida, ɗakunan kwana da makewayi kuma munka yi fulo na siminti, ba abin kunya ba ne.

Kada a tare da wuri, a bar ƙofofi da tagogi a buɗe ɗaki ya bushe har warin danshi ya fita. Sannan ka sa a ranka cewa duk shekara wajen Afrilu sai wani ya hau soro, ya cire ciyawar da ta tsiro, ya toshe tsaga, ya zare shara daga indararo, a sake shafa bangon gabas in ya zaizaye, a duba gindin bango ko gara ta ja hanya. Aikin yini biyu ne da mutum biyu in ana yi a kan kari. Mu mun ɗora wa ƙanenmu da ke zaune a gidan, mu na birni muna turo kuɗin makuba da na lebura tun watan Maris, kuma ni da kaina nake kiransa in ce ya hau ya ɗauko min hoton bakin indararo in gani.